2.4 Sharhi Kan Aikin Benson da Abokan Aikinsa (1996)

Daga cikin ayyukan da suka yi amfani da maganaɗisun lakar tafki wajen gano tarihin ƙanƙarar tsaunuka, akwai na Benson da abokan aikinsa (1996) a kan Tafkin Owens da ke gindin tsaunukan Sierra Nevada a jihar Kalifoniya ta Amurka. Hujjar hanyar ita ce, idan tulin ƙanƙara ya gangaro daga tsauni yakan niƙe duwatsu su zama gari, sai ruwa ya kwashe garin, mai ɗauke da ma'adinin maganatayit, ya zuba cikin tafki. Saboda haka aka ɗauki ƙaruwar maganaɗisu a cikin laka a matsayin alamar bunƙasar ƙanƙara. Da wannan awo, tare da awon ragowar halittu, manazartan suka ƙidaya bunƙasa kimanin 19 tsakanin shekaru 52,500 zuwa 23,500 da suka wuce, bisa lissafin kabon-14.

Babu shakka aikin ya taka rawar gani, domin ƙanƙarar da ta biyo baya takan share tarin duwatsun da ta farko ta bari a kwari, alhali lakar tafki tana taruwa ne hawa-hawa.

Sai dai akwai rauni guda biyu. Na farko, na'urar ba ƙanƙara take aunawa ba, ma'adinai take aunawa. A cikin lakar da ba ta samun iska, maganatayit yakan narke, wani ma'adinin ƙarfe da farar wuta mai suna girejayit kuma yakan samu a wurin, ya ɗaga awon ba tare da ƙanƙara ta motsa ba. Na biyu, awon biyu ba shaidu ne masu zaman kansu ba, domin yawan ragowar halittu shi kansa yana rage ƙarfin maganaɗisu. Dacewarsu da juna ba ta isa hujja ba.

A nan ne aikin Bischoff da Cummins (2001) ya fi gamsarwa, domin sun bi sawun garin dutsen a wannan tafki ta hanyar sinadaransa.

Bisa ga waɗannan dalilai, wannan nazari ya karɓi maganaɗisu a matsayin manuniya kawai. Ba za a kira wani hawan awo bunƙasar ƙanƙara ba sai an tantance ma'adinin da ya haifar da shi.