Wakilci da Harshe a Fim ɗin Entre les murs

Fim ɗin Entre les murs, wato tsakanin bangaye, na Laurent Cantet ya fito a shekarar 2008, kuma a shekarar ce ya lashe babbar kyautar bikin finafinai na Cannes, wadda rabon Faransa da ita tun 1987. An gina shi a kan littafin François Bégaudeau na 2006, marubucin da kansa kuma shi ne ya fito a matsayin malamin Faransanci, François Marin. Wurin wasan wata kwaleji ce a gunduma ta 20 ta birnin Faris, inda aji guda ya tara 'ya'yan mutanen Mali da Maroko da Sin da tsibiran Antiy.

Masu yabon fim ɗin sun fi kafa hujja da wannan tarin fuskoki. Amma yawan launin fata a gaban kyamara bai isa a kira shi wakilci ba. Ma'aunin da ya fi dacewa shi ne: wa aka ba bakin magana, kuma da wane harshe?

Ta wannan fuska fim ɗin ya yi rawar gani a cikin aji. Alal misali, lokacin da malam ya rubuta jimlar misali da sunan Bill, 'yan mata biyu, Khoumba da Esmeralda, suka tare shi da tambayar dalilin da ya sa kullum sunan Turawa yake sawa, ba irin su Aisata ba. Haka kuma suka yi masa gardama kan wani tsohon sigar aikatau da babu mai amfani da shi a unguwarsu. Duk wanda ya yi lakwal a Yamai ko Damagaram ya san irin wannan jimla da irin wannan nahawu. A nan ɗalibai suna da hujja, suna da wayo, wani lokaci har su kayar da malam.

Inda gizo ke saƙar shi ne labarin Souleymane, yaron da iyayensa 'yan Mali ne. Bayan malam ya jefi ɗalibai mata biyu da kalmar cin mutunci, rikici ya tashi, jakar Souleymane ta fasa wa Khoumba fuska ba da gangan ba, aka gurfanar da shi gaban majalisar ladabtarwa. Mahaifiyarsa ta zo ta yi dogon jawabi da Bambaranci, ba a rubuta fassararsa a allo ba. Yaron da ake tuhuma shi aka bar wa aikin tafinta, ya taƙaita maganar uwarsa cikin 'yan kalmomi yana sunkuyar da kai. Wannan dabara ce mai kaifi, domin ta nuna kurumtar makarantar ƙarara. Sai dai ta zaunar da mai kallo a kujerar malamai ke nan: wanda ba ya jin Bambaranci zai ga mutuncin matar, amma ba zai ji hujjarta ba.

Rabon matsayi ma yana da abin dubawa. Wei ɗan Sin shi ne mai ƙwazo da ladabi, baƙin yaro shi ne mai taurin kai. Wannan tsohon zubi ne, kuma fim ɗin bai rushe shi ba.

Tun da kyamara kusan ba ta fita harabar makaranta ba, ba a ga gidan kowane ɗalibi ba. Daga bakin Khoumba kaɗai aka ji cewa idan aka kori Souleymane, mahaifinsa na iya mayar da shi Mali. An kore shi, ya fita tare da uwarsa, labari bai bi su ba. Abin da ya rage shi ne wasan ƙwallo tsakanin malamai da ɗalibai a tsakar makaranta, sai hoton aji babu kowa, kujeru a warwatse.