Kundin Digiri Ba Abincin Gara Ba Ne

Da wuya a yi taron ilimi a ƙasar nan a watse ba tare da wani ya miƙe ya caccaki kundayen digiri ba. Ƙorafin bai cika sauyawa ba. Wai ɗalibai suna ta kammala digiri na biyu da na uku, kowa ya ɗinka kundi mai kaurin bango, a jera a kanta, ƙura ta rufe shi, gara ta cinye shi, babu wanda ya ƙaru. Wasu su ce rabinsu kwafe ne. Kwafe kam akwai shi, kuma duk ɗalibin da aka kama ya cancanci hukunci. Amma mafi yawan masu wannan suka tsakure kawai suke karantawa, in sun yi ƙoƙari su leƙa babin ƙarshe, sai su yanke hukunci. Da sun daure sun wuce manazarta sun isa rataye, da bakinsu ya yi sanyi.

Tarihin abin ba shi da tsawo. An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta Sakkwato a 1975, Kwalejin Abdullahi Bayero kuma ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. Kafin sassan Hausa na jami'o'inmu su yi ƙarfi, a waje ake zuwa neman digiri na uku. Galadanci ya rubuta nasa kan nahawu a Landan a 1969, Ɗandatti Abdulƙadir ya yi kan Mamman Shata a Indiyana ta Amurka a 1975, Ɗalhatu Muhammad ya yi kan Aƙilu Aliyu a Landan a 1977. Duka da Ingilishi aka rubuta su. Daga baya Kano da Zariya da Sakkwato suka amince ɗalibin Hausa ya rubuta kundinsa da Hausa, a kuma jarraba shi da ita. Tun daga nan tsarin ya zauna kamar yadda kowa ya san shi: gabatarwa, bitar ayyukan da suka gabata, hujjar ci gaba da bincike, dabarun gudanar da shi, babin fashin baƙi, kammalawa, manazarta, sai rataye a can baya.

Akwai masu auna kundi da ra'in da aka ɗora shi a kai. In ɗalibi bai jingina da sunan wani masani na Faransa ko Rasha ba, a wurinsu bai yi aiki ba. Wannan ma'auni ba ya ƙarko, domin ra'in da ake yayi a shekarun 1980 yau ba a ko ambatonsa. Akwai kuma masu cewa darajar kundi ita ce a tsakuro maƙala daga cikinsa a buga a mujallar ƙasashen waje. Wannan zancen ƙarin girma ne a wurin aiki, ba shi da alaƙa da abin da al'umma za ta mora. Ni abin da nake fara dubawa a kundi shi ne wa ɗalibin ya je ya samu, me aka faɗa masa, kuma ya adana shi yadda aka faɗa ko kuwa ya taɓa shi.

Rataye mai kyau yakan fara da layi guda da mutane ke rainawa: sunan wanda aka yi hira da shi, shekarunsa, sana'arsa, garinsu ko unguwarsu, da ranar da aka zauna. Wanda ya yi karatun zaure ya san wannan aikin, domin isnadi ne. Da shi mai karatu zai gane ko mai maganar ganau ne ko jiyau, ko ɗan gidan sarautar da ake magana a kai ne ko ɗan gidan da aka tuɓe. Murray Last, wanda kundinsa na Ibadan ya zama littafin Daular Sakkwato a 1967, a gaban Waziri Junaidu ya zauna, da littattafan gidansa ya yi aiki. Yusufu Bala Usman da ya kammala nasa kan Katsina a 1974 ya bi garuruwa yana jin ta bakin dattawa, yana gwada abin da suka faɗa da abin da ke rubuce. Ƙarfin waɗannan ayyuka shi ne an san daga bakin wa kowace magana ta fito.

Abu na biyu shi ne amanar lafazi, kuma nan ne ake gane ɗalibi mai kunne. A ce yana rubuta waƙar wani makaɗin fada na ƙasar Zamfara ko Gobir daga kaset. Makaɗin ya ce munka, ɗalibin da ya tashi a Kano ya ga kamar kuskure ne, ya gyara ya rubuta muka. A ganinsa ya bi daidaitacciyar Hausa. A zahiri ya mayar da gaɓa mai nauyi ta koma mai sauƙi, ya rage wa layin awo, ya raba shi da bugun kotso ko taushin da aka ɗora shi a kai. Duk wanda ya zo nazarin karin waƙar bayansa zai yi ta lissafi a kan abin da makaɗi bai faɗa ba. Ɗalibi nagari yakan bar yaz zo da yat tafi yadda suka fito, ya raba abin da jagora ya faɗa da abin da 'yan amshi suka karɓa, ya nuna gindin waƙa duk inda ya dawo ko da ya dawo sau ashirin, ya sa alama a wurin da kiɗa ya danne murya bai ji da kyau ba. Wannan alama ta ƙarshe ita ce ta fi burge ni. Wanda ya yarda ya bar giɓi a inda bai ji ba, za a yarda da shi a inda ya ce ya ji.

Abu na uku shi ne rataye yana ba mai karatu damar ya ja da marubucin. Babin fashin baƙi ra'ayin ɗalibi ne da na malamin da ya duba aikinsa, kuma ra'ayi yana tsufa. Rataye kuwa rumbu ne: abin da aka dafa a babi an ci an gama, amma irin yana nan ga duk mai son ya sake shukawa. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata da Aƙilu Aliyu a 1999. Ba sauran mai komawa ya tambaye su. Abin da Sa'idu Muhammad Gusau da ɗalibansa suka tattara na makaɗa, da waƙoƙin masu jihadi da Bello Sa'id ya tara a kundinsa na 1978, da abin da Aliyu Muhammad Bunza ya kwaso daga bakin bokaye da malaman tsibbu, su ne hannun jarin duk mai nazari a yau, ko ya yarda da fassararsu ko bai yarda ba.

Sai dai kuskure ne a ɗauka wannan dabara ta 'yan adabi ce kaɗai. Masu nazarin koguna ma sun fi kowa bukatarta. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992. Ruwan da suke riƙewa shi ne ke zama Kogin Haɗeja, ya haɗu da na Jama'are, ya bi ta Gashuwa da Gaidam zuwa Tafkin Chadi. Da can kogin yakan cika da damina ya ƙafe da rani. Da aka fara sakin ruwa duk tsawon shekara saboda noman rani, sai ciyawar kachala ta sami wurin zama, ta toshe magudanai, ruwa ya bar inda ake jiransa ya malala inda ba a so, tsuntsayen jan-baki suka sami maɓoya suna afka wa gonaki. Ɗalibin da zai auna wannan canji yana da hoton tauraron ɗan'adam, yana da alƙaluman ma'aunin ruwa na shekarun da aka adana su. Amma wane mashigi ne kwalekwale ke bi kafin a yi madatsa? Wane kifi ne ya daina shiga koma? Ina ambaliyar bana ta tsaya a jikin tsamiyar bakin gari, ina ta shekarun baya ta kai? Waɗannan suna bakin Sarkin Ruwa da tsofaffin masunta da manoman shinkafar fadama. Haka William Adams ya yi da madatsar Bakolori, wadda aka gama a 1978 kuma aka zubar da jinin manoma a kanta a 1980: ya bi ƙauyukan da ke ƙasa da ita, ya nuna asarar shinkafa da kifi da masu lissafin ribar madatsar suka tsallake.

Haka abin yake a tsara birane. Kano ta taɓa samun tsarin shekara ashirin na Trevallion, daga 1963 zuwa 1983, Kaduna ta sami na Max Lock a 1967. Taswira tana nuna titi da fuloti. Ba ta nuna cewa wannan gidan bene a kan kududdufi yake zaune ba, kududdufin da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini, ya kuma shafe shekaru aru-aru yana shanye ruwan saman unguwa kafin ya gangara Jakara. Mai unguwa ya sani, tsofaffin magina sun sani, matan da ruwa ke shiga ɗakunansu duk watan Agusta sun sani. Kundin da ya jera sunayen kududdufan da aka cike, da shekarar da aka cike kowanne, da sunan wanda ya ba da labari, ya yi wa birni aikin da babu injiniyan da zai raina.

A fannin ilimi ne na fi jin takaici, domin nan ne takardar tambayoyi ta kori hira. A buga tambayoyi da Ingilishi, a raba wa malaman firamare, su yi ta sa maki a na yarda ko ban yarda ba, a zuba a kwamfuta, a fito da jadawali. A 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ce a fara koyar da yaro da harshensa. Fafunwa ya gwada koyarwar shekara shida da Yarbanci a Ife tun daga 1970, Nijar ta buɗe makarantar gwaji da Hausa a Damagaram a 1973. Har yau ana gardama a kai, hukuma tana kai gwauro tana kai mari. Abin da zai kashe gardamar shi ne rataye mai ɗauke da darasin lissafi na aji huɗu kalma da kalma: inda malama ta fara da Ingilishi, inda aji ya yi tsit, inda ta juya Hausa, inda hannuwa suka tashi. Ɗalibi guda da rikoda a bayan aji zai kawo hujjar da jadawali ɗari ba su kawo ba.

Wannan ya kawo ni ga abin da na daɗe ina faɗa. Masunci da magini da malamar aji da Hausa suka yi magana, ko da Kanuri, ko da Fulatanci. In aka juya maganarsu zuwa Ingilishi aka yar da asalin, an yi asarar rabin binciken, kuma an toshe hanyar da zai koma wa masu shi. Sashen Hausa ya nuna tun tuni cewa ana iya rubuta kundin digiri na uku da harshen nan a kare shi a gaban mai jarrabawa na waje. Ba na cewa sashen labarin ƙasa ko na tsara birane ya sauya harshensa gobe. Ina cewa a wajabta wa duk ɗalibin da ya yi hira da mutane ya sa hirar a rataye da harshen da aka yi ta, ya ajiye muryar a ɗakin karatu tare da kundin, ya kuma rubuta taƙaitaccen sakamako da harshen mutanen ya kai wa dagaci ko mai unguwar da ya ba shi masauki.

Ga shugabannin sassa da masu duba aikin ɗalibai, ku daina cewa a rage rataye don kundi ya yi nauyi, ku ba shi maki kamar yadda kuke ba babi. Ga masu kula da ɗakunan karatu na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Yamai, ku fara ɗaukar hoton tsofaffin kundayen da aka buga da tafireta, ku juya kaset-kaset ɗin kafin su lalace. Mai suka kuma ya je ya ɗauko kundi guda, ya fara karanta shi daga baya, sannan ya zo mu yi magana.