Tambarin Jirgin Yaƙi a Kan 'Yar Takarda

Duk wanda ya ratsa ƙasar Bebeji da Kiru da kaka, ya karya ta Kwanar Dangora ya nufi Tudun Wada har ya dangana da Doguwa ta cikin dajin Falgore, a lokacin da aka girbe dawa aka bar kara jibge a gonaki, ba zai rasa ganin yara a inuwa suna feƙe ɓawon kara suna soka shi a totuwa ba, wannan yana haɗa mota, wancan kuwa, wanda himmarsa ta fi ta 'yan'uwansa nisa, yana haɗa jirgin sama. Abin da yaro ke nema shi ne siffa: in fukafukai sun daidaita, wutsiya ta tsaya, to, buƙata ta biya, ba ruwansa da ko jirgin wace daula ne. A Turai da Amurka da Japan kuwa manyan mutane ne, har da masu furfura, suka ɗauki irin wannan wasa suka mai da shi fanni mai ƙa'idoji, kuma abin da yaronmu ya bari, wato tambari da lamba, shi ne su suka riƙe da muhimmanci.

Asalin al'amarin shi ne, tun cikin shekarun 1950 kamfanoni irin su Airfix na Ingila da Revell na Amurka suke sayar da ƙananan jirage na roba a wargaje cikin kwali, mai saye ya haɗa da gam, ya shafa fenti. Ma'aunin da ya fi shahara shi ne kashi 1 cikin 72, sai 1 cikin 48, ta yadda jirgin MiG-17, mai tsawon kimanin mita 11, a ma'aunin farko zai dawo santimita 15 da 'yan kai. A cikin kwalin akwai takardar alamomi, wadda aka buga tawada a kan wata siririyar fata garai-garai, da danƙo a ƙarƙashinta. Akan tsoma ta a ruwa mai ɗumi, fatar ta saki takarda, a zamar da ita a hankali zuwa muhallinta a jikin jirgi. Sharaɗinta shi ne wurin ya kasance sumul mai sheƙi, domin in fentin yana da kaushi iska takan maƙale a ƙarƙashi, gefen alamar ya yi fari-fari, aikin ya ɓaci.

To, da yake kamfani riba yake nema, ba ya sa wa a kwali sai alamomin manyan dauloli biyu ko uku, wani lokaci ma a buga su da kauri, ko launi ya goce daga iyakarsa, ko su yi rawaya saboda daɗewa. Har ma akan cire alamar 'yan Nazi daga jiragen Jamus saboda dokar ƙasar ta hana. Daga wannan giɓi ne wata sana'a ta tsiro, ta masu buga takardun alamomi daban suna sayarwa, irin su Microscale a Amurka da Xtradecal a Ingila. Matsayinsu wurin kamfanin jirgi kamar matsayin mai hashiya ne wurin mai matani: ba shi ya kafa asali ba, amma shi ke cike abin da aka taƙaita, ya gyara abin da aka yi tuntuɓe a kansa. Mai karatu kada ya damu da mas'alar sura a nan, gama malamai ba su yi tsanani a kan siffanta abin da ba shi da rai ba.

Inda abin ya shafe mu shi ne, Kano tana cikin wannan tarihi tsundum. A watan Nuwamba na 1925 jirage uku na sojan Ingila, samfurin DH.9A, suka iso Kano daga Masar ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. A Yaƙin Duniya na Biyu kuma, jiragen da ake haɗawa a Takoradi, ta Kano da Maiduguri suke bi zuwa Khartum da Alƙahira. Bayan an kafa rundunar sojan sama ta Nijeriya a 1964, da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, a filin jirgin Kano aka sauke jiragen MiG na Rasha cikin watan Agusta aka haɗa su, aka buga musu da'irar kore da fari da kore, da haruffan NAF da lamba. Har yau akwai makarantar koyon tuƙin jiragen yaƙi a Kano, mai amfani da L-39 ƙirar ƙasar Cek. Mutumin da ke zaune a wani ƙauyen Faransa zai iya sayen 'yar takarda ya fito da ɗaya daga cikin waɗannan jirage da lambarsa, alhali jikan wanda ya ga saukarsa da idonsa bai san launinsa ba. Wannan ni a wurina abin lura ne ƙwarai.

Amma fa ba duk abin da aka buga ne ingantacce ba, kuma nan ne illar fannin take. Hujjar mai buga alama hoto ne, hotunan jiragen Afirka na wancan zamani kuwa kaɗan ne, galibinsu baƙi da fari, kuma sukan nuna gefe ɗaya kaɗai. Sai mai zane ya yi ijtihadi ya ƙiyasta ɗaya gefen, ya zaɓi irin koren da ya kwanta masa, littafi ya ɗauka, mai buga takarda ya ɗauka daga littafi, wani ya kwafa daga gare shi, har riwaya mai rauni ta yi yawan da za a zace ta mutawatira ce, alhali in an bi isnadinta ga mutum guda take tuƙewa. Masu tahakiki a cikinsu sukan buga hoton da suka dogara da shi a takardar bayani, su kuma ambata inda suka yi zato. Waɗannan su ne abin yabo. Wani aibin kuma shi ne, ƙawata lamba da launi kan shagaltar da mutum ga barin tuna abin da jirgin ya aikata, ga shi kuwa jiragen 1967 zuwa 1970 a kan 'yan ƙasa ɗaya suka zubar da wuta.

Ta fuskar aiki, ba mu rasa masu hannu ba. Masu yanka sitika da ke ƙawata babura da A Daidaita Sahu da motocin ɗaukar shinkafa da masarar Tudun Wada sun san ma'auni, sun san liƙi, sai dai ledarsu ta yi wa ƙaramin jirgi kauri. Akwai takardar ruwa wadda ba a buga komai a kanta ba, da ake iya sa wa a na'urar buga takardu ta shagon kwamfuta, a fesa mata mai hana tawada narkewa. Cikas ɗaya ne: irin waɗannan na'urori ba sa buga farar tawada, tambarin Nijeriya kuwa fari ne tsakaninsa. Saboda haka dole a nemi takarda mai farar fata, a buga koren kaɗai, sa'an nan a bi gefen da'irar da reza a yanke ta daidai.