Filashi da tsakar rana ya fi amfani

Hoton fim ya dawo yayi. A Instagram matasa na ɗora hotunan da aka haska da filashi kai tsaye: fuska fes, baya duhu ƙirin. Wasu har sun koma neman tsofaffin kyamarori irin su Yashica Electro 35 ta 1966 da Canonet QL17 GIII ta 1972, waɗanda ake saita su ta hanyar haɗa siffa biyu a tagar leƙe har su zama ɗaya. Salon ba sabo ba ne. Da shi mai hoto Malick Sidibé ya riƙa bin wuraren rawar matasan Bamako da daddare a shekarun 1960, aikin da ya kai shi ga babbar lambar yabo ta Venice a 2007.

Sai dai mai hoton da ke Azare, in ya tsaya kwaikwayon hoton dare kawai, ya bar inda filashin ya fi yi masa rana. Matsalarsa ta tsakar rana ce. Ranar hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Katagum, rana na dukan farar babbar riga har ta kashe ido, rawani kuma ya jefa inuwa a kan fuska. Ya auna hasken riga, hakimi ya fito ba a gane shi. Ya auna fuska, aikin wuyan riga ya wanke. Ɗan hasken filashi ne ke raba wannan gardama.

A nan Canonet mai araha ta sha gaban Leica M6 mai tsadar gaske. Leica ba ta jituwa da filashi sama da 1/50 na daƙiƙa, wanda a ranar ƙasar Katagum ya yi jinkiri ƙwarai. Marufin Canonet kuwa yana cikin gilashin ne, don haka filashi na bin sa har 1/500. Ga wata riba kuma, wadda Leica ma ke da ita: tagar leƙe ba ta rufewa lokacin ɗauka, mai hoto na ganin walƙiyar da idonsa, ya san ko wani ya ƙifta.

Lissafin ba wuya. Filashin Vivitar 283 lambar ƙarfinsa 36 ce a mita da fim mai lamba 100. A raba 36 da nisan mutum: mita 4 da rabi, sai a sa f/8. Don cike inuwa kawai, sai a ja baya ko a rage ƙarfin, kada fuska ta yi ƙyalli.

Tsofaffin 283 na iya sakin wuta sama da bolt 200, abin da kan lalata kyamarar zamani, don haka a auna kafin a ɗora. Doki ma ba kowanne ke jure walƙiya a fuska ba. Gara a nemi izinin mahayi, a ɗauka daga gefe kafin a fara sukuwa.