Gwanintar Ɗaukar Hoton Cikin Kunkuru

Idan akuya ta daina kiwo a Ruwan Godiya, malamin dabbobi zai laluba cikinta, ya saurari numfashinta, ya gane matsalar. Kunkuru kuwa ba ya ba da wannan dama. Ƙoƙon bayansa haƙarƙari ne da ƙashin baya da suka haɗe wuri guda, kuma da zarar an taɓa shi sai ya shige ciki. Hannu ba ya kaiwa, kunne ba ya ji. Sai dai hoton ƙashi, wato eksire, wanda Bajamushe Wilhelm Röntgen ya gano a 1895.

Daga yankin Faskari, inda Ruwan Godiya take, mai neman irin wannan aiki zai bi ta Funtuwa zuwa Zariya, inda tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello ke da asibitin koyarwa.

Hoto uku gwani ke ɗauka. Na farko daga sama, kunkurun na kwance a kan cikinsa. Nan ƙwai ke fitowa fili har a ƙirga su, a ga ko wani ya maƙale. Nan kuma ake ganin tsakuwar da ya haɗiye, ko dutsen da ya taru a mafitsara, ko ƙugiyar masunta a maƙogwaron kififiya.

Sauran biyun, ɗaya daga gefe, ɗaya daga gaba, su ne ma'aunin ƙwarewa. Huhun kunkuru a sama yake, manne da ƙoƙon baya, kuma babu tantanin tsoka da ya raba shi da kayan ciki irin na mutum. In aka kwantar da shi a gefe, hanji sai ya faɗo kan huhu, hoto ya lalace. Don haka likita ba ya juya dabbar, na'urar yake juyawa. Yakan ɗora kunkurun a kan wani ɗan tudu, ƙafafu na reto ba su taɓa tebur ba, ya harba hasken a kwance. Yawanci ko allurar barci ba a buƙata.

Saura karatu. Lafiyayyen huhu baƙi yake fitowa saboda iska. Ɓangaren da ya yi fari, ciwo ne. Ƙashin da ya yi dishi-dishi kuwa alamar ƙarancin sinadarin kalsiyam ne ko rashin hasken rana. Duk wannan ta cikin inuwar ƙoƙon ake hango shi, shi ya sa dole likita ya san inda inuwar ta ƙare da inda cuta ta fara kafin ya rubuta magani ko ya ɗauki wuƙar tiyata.