King Kong na 1959: waƙa ta haɗa zama, amma ta haɗa ƙasa?

Duk wanda ya taɓa shiga rukunin tiyatir na lakol ya sha jin maganar nan: wai idan aka haɗa wasan kwaikwayo da kiɗa da waƙa, talaka da attajiri, ɗan birni da ɗan ƙauye, duk zama ɗaya suke yi. Maganar tana da daɗi a kunne, shi ya sa ba mu cika tsayawa mu auna ta ba. To ƴan uwa, bari mu auna ta da wasa guda wanda aka yi a wurin da rarrabuwa ta kai maƙura, wato Afirka ta Kudu a zamanin wariyar launin fata. Sunan wasan King Kong, kuma kada hankalinku ya tafi ga gwaggon birin nan na fim ɗin Amurka, ba su da alaƙa ko kaɗan.

An fara nuna shi ranar 2 ga Fabrairu 1959 a babban zauren jami'ar Witwatersrand da ke Johannesburg. Labarin ɗan dambe ne na gaske, Ezekiel Dlamini, wanda ake yi wa laƙabi da King Kong. Ya yi suna a unguwannin baƙar fata, daga baya ya faɗi, ya kashe budurwarsa, aka yanke masa shekara 12 a kurkuku, a 1957 aka tsinci gawarsa cikin ruwa a gidan yari. Todd Matshikiza, ɗan jarida kuma makaɗi baƙar fata, shi ya tsara kiɗan. Harry Bloom ya rubuta labarin, Pat Williams ta rubuta kalmomin waƙoƙin, Leon Gluckman ya ba da umarni, su ukun Turawa ne. Ƴan wasan kuwa duk baƙar fata: Nathan Mdledle a matsayin ɗan damben, Miriam Makeba a matsayin Joyce mai gidan giya, Hugh Masekela yana cikin masu busa. A zauren, baƙi da farare sun zauna suna kallo tare, abin da ba a saba gani ba. Nelson Mandela ma yana cikin ƴan kallon daren farko, alhali a lokacin ana yi masa shari'ar cin amanar ƙasa.

Abin tambaya na farko, ta yaya wasan ya iya wannan? Ƙarfinsa yana cikin yadda aka yi amfani da kiɗan. Bature mazaunin Johannesburg yana ganin baƙar fata kullum, amma a matsayin kuku, ko mai shara, ko lebura. Bai san me suke yi ba idan jirgin ƙasa ya maida su unguwarsu da dare. Da an tsaya gabansa an yi masa jawabi a kan haka, sai ya toshe kunne, don jawabi yana neman ka yarda ko ka musa. Waƙa ba ta tambayarka ra'ayi. Kafin ka shirya amsa, ƙafarka ta fara bin kiɗa. Matshikiza ya gane wannan sarai. Ya ɗauko jaz na gidajen giya, ya haɗa da waƙar taro irin ta coci, da kwela, wato busar ƙaramar sarewar ƙarfe da yara ke yi a bakin titi. Waɗannan duk sautuka ne da Bature ya sha jin su daga nesa, amma ran nan sai ga su a tsare, da tsari, ba yadda zai ce hayaniya ce.

Abu na biyu shi ne amshi. A wasan magana zalla, mutum ɗaya ke magana, ɗaya ya amsa. A wasan kiɗa, unguwa guda tana iya buɗe baki a lokaci ɗaya. Idan mutum gomiya-gomiya suka ɗauki murya ɗaya, mai kallo ya daina ganin ɗaiɗaiku, jama'a yake gani, masu raha da kishi da makoki irin nasa. Mu nan mun san wannan: mawaƙi komai iyawarsa, ƴan amshi ne ke mayar da waƙarsa ta kowa.

Abu na uku ya faru bayan labule. Watanni aka yi ana gwaji, Bature da baƙar fata suna aiki ɗaya, suna gardama kan baiti, a ƙasar da doka ta raba musu ko da bencin zama. Ƴan wasan idan dare ya yi musu, suna cikin haɗarin kamu a hanya saboda dokar takardar fas. Wanda ya ga abokin aikinsa yana fargabar komawa gida, ya koyi abin da littafi ba zai koya masa ba. Arthur Goldreich, wanda ya tsara adon dandalin, an kama shi a 1963 a gonar Liliesleaf tare da jagororin gwagwarmaya. A ganina, gadar da ta fi ƙarfi a nan aka gina ta, wurin gwaji, ba a zauren kallo ba.

Amma fa kada mu yi saurin tafi. Wasan yana da raunin da bai kamata a rufe ba. Dubi labarin da aka zaɓa: baƙar fata mai ƙarfi, mai zafin rai, wanda halinsa ya hallaka shi. Bature zai iya zuwa ya ji tausayi, har ya share hawaye, ya koma gida bai ji an ɗora masa laifin komai ba. A daidai shekarun nan gwamnati tana rushe Sophiatown, unguwar da ta raini wannan kiɗan, tun daga 1955 take kwashe mutanenta da ƙarfi, ta sake mata suna Triomf. Wasan ya ari kiɗan unguwa da rawarta, amma bai nuna wa ƴan kallo hannun da ke rushe ta ƙuru-ƙuru ba. Kuma mu lura da rabon aiki: baƙar fata ke waƙa da rawa, alƙalamin labari da kujerar umarni suna hannun farare. Niyyarsu mai kyau ce, ba musu, amma tsarin ƙasar ya biyo su har cikin zauren.

Tarihi kuma ya ba da nasa hukunci. Wata goma sha uku da ƴan kwanaki bayan daren farko, ranar 21 ga Maris 1960, ƴan sanda suka harbe mutum 69 a Sharpeville. A 1961 aka kai wasan Landan, gwamnatin da ke danne ƴan wasan ita ta ba su fasfo, don tana ganin duniya za ta ce ashe baƙar fata suna cikin walwala. Da yawa cikinsu ba su koma gida ba. Makeba ta riga ta fita tun 1959, aka hana ta dawowa, ta yi shekaru a Gini. Matshikiza ya rasu a Lusaka a 1968. A 1965 kuwa aka tsaurara doka a kan haɗa baƙi da farare a wurin kallo. Wannan ma shaida ce: da zaman tare bai tsorata masu mulki ba, da ba su wahalar da kansu wajen hana shi ba.

To mene ne hukuncinmu? King Kong ya buɗe ƙofa na awa biyu ko uku, ya nuna cewa zaman tare mai yiwuwa ne, ya kuma fito da mawaƙan da daga baya suka kai kukan ƙasarsu ko'ina a duniya. Bai sauya doka ko ɗaya ba, kuma ba adalci ba ne a nemi wannan daga waƙa. Laifin da za a iya kama shi da shi, shi ne ya sauƙaƙa wa mai ƙarfi kallo fiye da kima.

Mu da ke shirya wasanni a lakol da gidajen matasa, rarrabuwarmu ba ta launin fata ba ce, amma tana nan: ɗan boko da almajiri, mai jin Faransanci da wanda ba ya ji, ɗan birni da ɗan ƙauye. Sau nawa muke sa baƙauye a dandali don kawai a yi masa dariya, sannan mu rufe da waƙar haɗin kan ƙasa mu ce mun yi faɗakarwa? Kafin mu sa ganga, mu tambayi kanmu abu uku. Wa ya rubuta labarin, akwai wanda ake maganarsa a cikin marubutan? Wa ke iya shigowa zauren, da wane harshe kuma ake waƙar? Sannan idan mai hali ya kalla, zai fita da wata tambaya da za ta hana shi barci, ko tafi kawai zai yi ya wuce? Idan ba mu da amsa, to mu koma wurin gwaji, mu gayyato waɗanda muka bari a waje, a sake rubutun tare da su.