Gwanintar Maginan Birnin Zazzau

A cikin ganuwar birnin Zariya har yau akwai zauruka da soraye na ƙasa waɗanda in ka shiga da tsakar ranar bazara sanyi ne zai tarbe ka, ba fanka ba injin. Sanyin nan aikin magini ne, kuma ilimi ne da ya cancanci a san yadda yake.

Aikin yana farawa daga ƙasa. Magini yakan zaɓi jar ƙasa mai danƙo da tsakuwa, a jiƙa ta, a zuba ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa kafin a sake kwaɓawa. Daga nan a cura tubali da hannu, gindi mai faɗi kai mai tsini, a shanya. Rana ce ke gasa shi, ba a ƙona ko icce ɗaya. Wajen jerawa kan tubalin ke kallon sama, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, kuma ba a ɗora sabon sahu sai na ƙasa ya sha iska. Bango yakan yi kauri a gindi ya riƙa sirancewa yana hawa. Kaurin nan ne ke shanye zafin rana, sai dare ya yi ya sake shi a hankali, shi ya sa ɗakin ke da ɗumi da hunturu.

Inda gwani ke bambanta da ɗan koyo shi ne rufi. Azarar giginya gara ba ta cika cin ta ba, amma gajeren tsakani kawai take iya ɗauka. Sai magina suka gano dabarar bakan gizo: a dasa azara cikin bango, a riƙa ɗaura wata bisa wata, kowace ta ɗan zarce 'yar'uwarta, ana lulluɓewa da ƙasa, har ƙafafun bakan su haɗu a sama. Da wannan dabara Babban Gwani, Muhammadu Durugu, ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Darajar aikin ta kai an kwaikwayi masallacin a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos.

Maganin damina ma a gida yake. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake samun ta, laso kuwa daga katsin marina. A shafe bango da rufi da su, indararo ya tofar da ruwa nesa da gindin gini. Abin da wata sana'a ta zubar, shi magini ke tsinta. Ko bango ya faɗi, ƙasarsa ake sake kwaɓawa.

Ginin ƙasa yana da sharaɗi: yaɓe kafin ruwa ya sauka, da gyaran indararo kowace shekara. Wanda ya yi sakaci da wannan, shi ke cewa ƙasa ba ta da ƙarko. Yanzu da siminti ya yi tsada, kwano kuma ya mai da ɗakuna tanda, ya kamata mai shirin gini ya nemi magini ya ji shawararsa, ɗaliban zanen gini na Jami'ar Ahmadu Bello kuma su zauna gaban dattawan sana'ar su koya da hannunsu tun dattawan suna raye.